Sayen Tayar Babur: Mai Kama Ƙasa Ko Mai Daɗewa?

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Tamale da hantsi ba ya bukatar a gaya masa matsayin babur a rayuwarmu ta yau. Ga mata sun nufi kasuwar Aboabo da kwanduna a baya, ga mahauta da nama, ga malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, ga magidanci ya ɗauko yara biyu ko uku zai kai su makaranta. Haka abin yake a Wa da Bolga da Bawku da Yendi, kuma ko a zangunan Kumasi da Akra babur ya riga ya zauna daram. Babur, ko moto kamar yadda muka fi kiransa a nan Ghana, shi ne jakin wannan zamani. Da shi ake fatauci, da shi ake zumunci, da shi ake kai mara lafiya asibiti cikin dare.

To amma abin mamaki, mutum zai kashe kuɗi wajen rufin kujera da fitilu masu walƙiya da ƙaho mai ƙara, taya kuwa ba a tuna ta sai ranar da ta fashe. Alhali kuwa wurin da kowace taya take taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba. A kan wannan ɗan wuri guda biyu nauyin babur da na mai tuƙi da na goyo da na kaya suke tsaye. Birki komai kyansa, ƙwarewa komai yawanta, duk ta nan suke bi kafin su isa ƙasa.

Idan muka shiga shagon mai sayar da kayan babur, tambaya biyu muka saba yi. Ta farko, nawa ce? Ta biyu, za ta daɗe? Akwai ta uku da ba kasafai ake yin ta ba, wato tana kama ƙasa kuwa? Abin da wannan shafi yake son ya nuna wa masu karatu shi ne, kama ƙasa da daɗewa ba sa cika tare a taya ɗaya, saboda haka sai mutum ya san inda zai nemi wannan da inda zai nemi wancan.

Me ya sa ba a samun biyun a cike?

Kowane ɗan makaranta ya san robar goge fensir iri biyu ce. Mai taushi tana kama takarda, tana goge rubutu tas, amma kafin zangon karatu ya ƙare ta cinye. Mai tauri kuwa sai ta shekara a aljihu, amma zamewa take yi a kan takarda, ba ta goge komai. To haka taya take. Roba mai taushi tana lanƙwasa ta shige cikin ƙananan ramukan kwalta, ta riƙe su, wannan shi ne kama ƙasa. Sai dai duk riƙon da ta yi tana barin ɗan jikinta a kan titi. Mai tauri ba ta barin jikinta da yawa, don haka takan daɗe, amma riƙonta kaɗan ne, musamman in titi ya jiƙe.

Danyar roba yadda take fitowa daga itace, irin wadda ake nomawa a Yankin Yamma na ƙasar nan, ba ta yin taya. Da zafi tana danƙo, da sanyi tana ƙagewa. Wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear shi ya gano dafa ta da farar wuta, ya kuma yi rajistar wannan fasaha a 1844. Daga sunan wannan dahuwa a Turance aka samo kalmar falkanaiza da muke kiran mai faci da ita. Masu ƙera taya suna kuma zuba wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, shi ke ba ta baƙin launi da jimiri. Wasu kamfanoni suna ƙara sinadarin silika domin ta kama jiƙaƙƙen titi ba tare da ta yi saurin cinyewa ba. A manyan babura na ƙasashen Turai har akwai taya mai roba iri biyu, tsakiya da tauri, gefe da taushi. Irin waɗannan suna da tsada, kuma ba su ne suka cika shagunanmu ba. Mu dai masu Haojue da Apsonic da Boxer da TVS da ƙananan babura na mata, dole mu yi zaɓi da hankali cikin abin da kasuwa ta kawo.

Kada wani ya ɗauka maganar kama ƙasa ta masu tsere ce kawai. Ga lissafi mai sauƙi. Babur da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. In taya tana da kyau, titi a bushe, aka kama birki yadda ya kamata, zai tsaya cikin kimanin mita 14 zuwa 15 daga inda birki ya fara ci. In riƙon taya ya ragu da rabi, ko don ruwa ko don ta suɗe, nisan tsayawa ninkawa yake yi, ya doshi mita 30. Wannan ƙarin mita 14 ɗin shi ne bambanci tsakanin a tsaya a yi salati da a buge yaron da ya tsallako titi ko akuyar da ta faɗo daga lungu.

Ta gaba daban, ta baya daban

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki tayoyin biyu aikinsu ɗaya. Ba haka ba ne. Ta baya ita ke tura babur, ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi, musamman in akwai goyo ko buhun masara. Shi ya sa take riga ta gaba cinyewa, sau da yawa akan canja ta baya sau biyu kafin a canja ta gaba sau ɗaya. Ta gaba kuwa ita ke juya babur, kuma da zarar an taka birki nauyi yakan koma kanta. Masu koyar da tuƙin babur sun daɗe suna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga birkin gaba yake fitowa.

Akwai kuma wani abu da duk tsohon mahayi ya sani. In tayar baya ta zame, babur yakan yi wutsiya, kuma sau da yawa mutum yana iya gyara shi ya ci gaba da tafiya. In ta gaba ta zame a kwana, babu shawara, kafin ka ankara kana ƙasa.

Saboda haka ga ƙa'idar da ya kamata mai saye ya riƙe. A gaba, a nemi mai kama ƙasa, a sayi mafi kyawun da aljihu zai iya, tunda ba kullum ake sayen ta ba. A baya, a nemi mai jimiri da ɗaukar nauyi, amma ba mai taurin da za ta riƙa sulɓi da damina ba. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi masu kyau biyu ba, to ya fifita ta gaba. Haka kuma al'adar nan ta cire tsohuwar tayar baya a mayar da ita gaba don a ƙarasa cin moriyarta, a bar ta. Tayar baya takan cinye a tsakiya ta zama shimfiɗaɗɗiya, in aka sa ta a gaba babur ba ya shiga kwana daidai. Bugu da ƙari, ta gaba da ta baya ba su cika zama awo ɗaya ba.

Dubi hanyar da kake bi

Bayan roba sai zane, wato ramukan da aka tsaga a jikin taya. Aikin zane shi ne ya kori ruwa daga ƙarƙashin taya a kan kwalta, ya kuma ciji ƙasa a inda babu kwalta. Iri uku ne a kasuwa.

Na farko shi ne zanen kwalta, mai siraran layuka da roba mai yawa tana taɓa titi. Wannan shi ya dace da wanda zirga-zirgarsa cikin gari take, ko kan babbar hanya irin ta Tamale zuwa Bolga. Ba ta ƙara, ba ta girgiza, tana kama kwalta sosai. Amma in ta shiga taɓo, nan da nan ramukan suke cikewa, ta zama kamar sabulu.

Na biyu shi ne mai manyan haƙora, irin wanda ake gani a kan Yamaha AG na malaman gona da ma'aikatan lafiya masu shiga ƙauyuka. A cikin laka da yashi da tsakuwa babu kamarta, domin haƙoran suna nitsewa su riƙe, tazarar da ke tsakaninsu kuma tana watsar da taɓo. Sai dai a kan kwalta roba kaɗan ce ke taɓa ƙasa, haƙoran suna motsi in an kama birki, kuma zafin titi yana cinye su da wuri. Samari da yawa suna sa ta don ado, alhali ba sa barin cikin gari. Wannan asara biyu ce, ba riƙo, ba daɗewa.

Na uku shi ne na tsaka-tsaki, mai dunƙule-dunƙule masu faɗi da suke kusa da juna, da ramuka masu zurfi a tsakani. Ga mafi yawanmu da muke fita daga unguwa mai jar ƙasa, mu hau kwalta, mu sake sauka hanyar burji zuwa gona ko kasuwar ƙauye, wannan shi ne daidai, musamman a baya.

Mutum ya zauna ya tambayi kansa, a cikin tafiya goma da nake yi, nawa ce a kan kwalta? In takwas ne ko fiye, zanen kwalta. In rabi da rabi ne, na tsaka-tsaki. In kusan duka daji ne, mai haƙora. A tuna kuma da yanayinmu na arewa. Daga watan Mayu zuwa Oktoba ruwa ne da taɓo, da hunturu ƙura ce da yashi a gefen titi, a Maris da Afrilu kuma zafi yakan kai digiri 40, kwalta ta fi haka nesa. Ruwan farko shi ya fi haɗari, domin yana haɗuwa da ƙurar rani da man da motoci suka ɗiga ya zama santsi. Wanda tayarsa ta kusa ƙarewa, gara ya canja ta kafin ruwa ya sauka, kada ya ce sai bayan damina.

Karanta abin da aka rubuta a gefenta

Taya tana ɗauke da takardar shaidarta a jikinta, sai dai ba mu cika karantawa ba. Abu na farko shi ne awo. In ka ga 2.75-17, ma'ana faɗinta inci 2.75, kuma ta wili mai inci 17 ce. In ka ga 100/90-17, faɗinta milimita 100, tsayin gefenta kashi 90 cikin 100 na faɗin, wili inci 17. A sayi awon da kamfanin babur ya rubuta a littafinsa ko a takardar da ke manne kusa da sarƙa. Wasu suna matsa taya mai faɗi a kan siririn wili, wai don ta fi kama ƙasa. In an matse ta siffarta takan lalace, wurin da ke taɓa ƙasa ba ya ƙaruwa yadda ake zato, wani lokaci ma ta riƙa gogar sarƙa.

Bayan awo akwai lamba da harafi, alal misali 47P ko 52P. Lambar tana nuna nauyin da tayar za ta iya ɗauka in an cika ta da iska yadda aka ƙayyade. Lamba 42 kilo 150 ke nan, 47 kilo 175, 52 kuma kilo 200. Harafin kuwa iyakar gudu ne, J kilomita 100 a awa, L 120, P 150. To a yi tunani, magidanci mai kilo 75, uwargida mai kilo 70, buhu mai kilo 50, ga nauyin babur kansa da ya haura kilo 100, kuma mafi yawan wannan duka a kan tayar baya yake. Mai irin wannan lodi kada ya sayi tayar da lambarta ta gaza wadda babur ya zo da ita.

Akwai kuma 4PR da 6PR da 8PR, abin da masu shago suke kira filai. Wannan ƙarfin gangar jikin taya yake nunawa. Mai filai 6 ko 8 ta fi jure lodi da ƙaya da ramuka, ita ta dace da baya. A gaba mai filai 4 takan wadatar a ƙananan babura, ta kuma fi laushi a hannu a kan gargada. A lura, yawan filai ba shi ne kama ƙasa ba, kada a ruɗe mutum da shi.

A duba kibiya da ke nuna inda taya za ta riƙa juyawa, a tabbata mai faci bai juya ta ba, domin in aka sa ta a baibai zanen ba ya korar ruwa yadda aka tsara. A duba kuma ko mai tiyub ce ko marar tiyub. Marar tiyub in ƙusa ta shige ta iska a hankali take fita, mutum ya samu ya tsaya. Mai tiyub kuwa takan sace gaba ɗaya. Amma wili mai wayoyi, in ba na musamman ba, sai da tiyub, kuma sabuwar taya sabon tiyub take so, ba tsoho mai faci bakwai ba.

Shekarun taya, gwanjo da jabu

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Rana da zafi suna busar da ita, ta yi tauri, ta fara tsattsagewa. A gefen mafi yawan tayoyi akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, sau da yawa a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2423, an yi ta a mako na 24 na shekarar 2023. Tun daga shekarar 2000 ake rubuta shi da lamba huɗu. Dokar hanya ta ƙasar nan da aka yi a 2012, wadda aka sani da L.I. 2180, ta hana ɗaura wa abin hawa tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, ta kuma sa milimita 1.6 a matsayin mafi ƙarancin zurfin zane. Tayar da ta shekara uku a rataye a ƙofar shago rana tana dukanta, sunanta sabuwa, amma ta riga ta ci rabin ƙuruciyarta. A nemi wadda aka ajiye a inuwa, a danna farce a jikinta. In farce ya ɗan shiga ta dawo, da sauran rai. In kamar itace take, ko tana ƙyalli kamar robar bokiti, a bar wa mai shago kayansa.

Tayar gwanjo, wadda ake yi wa laƙabi da hom-yus, tana da jan hankali domin araha da babban suna. Amma ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san zaren cikinta ya tsinke ko bai tsinke ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Masana'antar taya ta Bonsa da ke kusa da Tarkwa ta daɗe da daina aiki, don haka kusan duk abin da muke hawa daga waje yake zuwa, daga Sin da Indiya da Taiwan da Tailan. Wasu ta Tema suke shigowa su bi ta Abossey Okai a Akra ko Suame a Kumasi, wasu kuma ta Lome da Cinkassé a Togo. Sunaye irin su CST da Kenda da Duro da MRF da CEAT da Vee Rubber sanannu ne, kuma kowane kamfani yana yin iri daban-daban, mai taushi da mai tauri, saboda haka suna kaɗai bai isa ba. Daɗin daɗawa, duk abin da ya yi suna sai an kwaikwaye shi. Alamun jabu su ne rubutu mai dusu-dusu, harafin da aka sauya a cikin suna, rashin lambar shekara, rashin nauyi a hannu, da farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai. A sayi taya a wurin wanda yake da shago tsayayye, wanda gobe za ka iya komawa ka same shi.

Lissafin aljihu

Araha ba ta ado. Mu ɗauki misali kawai, ba farashin kasuwa ba. Wani ya sayi ta sidi 180 ta yi masa wata 4, kowane wata ya ci sidi 45 ke nan. Wani ya sayi ta sidi 280 ta yi wata 8, nasa sidi 35 ne a wata. Na farkon kuma sau biyu zai biya kuɗin ɗauri, ban da faci da ranar aikin da ya rasa. Shawara ita ce, ranar da aka ɗaura sabuwar taya a rubuta kwanan wata da lambar kilomita da ke kan agogon babur a bayan littafi. Ranar da ta ƙare a raba kuɗin da kilomita. Bayan taya biyu ko uku mutum zai san gaskiyar abin da ya dace da hanyarsa, ba sai ya dogara da bakin mai talla ba. Sai dai in taya ta daɗe fiye da kima amma kullum tana zamewa da damina, wannan ba riba ba ce. Kuɗin ɗaurin karaya da watannin zaman gida sun fi kuɗin taya goma.

Iska ita ce rabin magani

Abin da zai ba mutum riƙo da daɗewa a lokaci guda, kuma kusan kyauta, shi ne iska daidai. In iska ta yi kaɗan, gefen taya yana lanƙwasa, ta yi zafi, ta cinye a kafaɗu, ta sha mai, tiyub kuma ya tsinke a ramuka. In ta yi yawa, tsakiya kaɗai ke taɓa ƙasa, riƙo ya ragu, tsakiyar ta suɗe. Masu faci da yawa da yatsa ko da dukan sifana suke aunawa, kuma sukan cika fiye da kima. A sayi ɗan geji a ajiye. Ƙananan baburanmu galibi suna son abin da ke tsakanin 25 zuwa 29 a gaba, 28 zuwa 33 a baya bisa awon PSI, a ƙara kaɗan a baya in akwai goyo, amma abin da kamfanin ya rubuta shi ne hujja. A auna da safe kafin a hau, sau ɗaya a mako.

Sabuwar taya tana da santsi, a bi ta a hankali kilomita 100 zuwa 150 na farko. Kada a wanke ta da fetur ko gas, kada a shafa mata mai don ƙyalli. A ajiye babur a inuwa. In an ja sarƙa a tabbata wilin baya ya miƙe, in ba haka ba gefe ɗaya zai cinye. A riƙa duban alamar TWI ko ɗan alwatika a gefe, daidai wurin akwai ɗan tudu a cikin ramin zane. In zane ya zo daidai da tudun nan, taya ta gama aiki, kuma mai hankali ba ya jira sai ta kai can.

Muna kira ga sarakunan zango da limamai da shugabannin samari da ƙungiyoyin masu gyaran babur da su riƙa tunatar da jama'a wannan magana, musamman gab da damina da lokacin bukukuwan Salla da ake yawan hawa. Iyaye kuma kafin a miƙa wa yaro makulli, a sunkuya a dubi taya, a kuma ba shi hular kwano. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanya, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.